Labarin Hujjar Da Ta Gagari Alƙalai Goma Sha Biyu

Masu karatu, kowa ya san yadda mai lemu ke kasa lemunsa a bakin kasuwa. Sai ya jera na ƙasa a matse, kowane ɗaya shida na kewaye da shi, sa'an nan ya ɗora na bisa cikin 'yan guraben da ke tsakanin uku uku, ya yi ta hawa hakanan har ɗaya ya rage a ƙoli. Ba malamin da ya biya masa wannan karatu. In ka tambaye shi ko akwai wata jerawa da ta fi wannan tattalin wuri, watakila ya dube ka ya yi dariya, ya ce in akwai ka nuna masa. To, wannan tambaya da ta ke abin dariya a kasuwa ita ce ta tsare malaman lissafi na Turai da Amurka har shekara 403, ba ta kuwa rabu da su ba sai da suka kai ƙara gaban na'ura.

Ga yadda abin ya faro. Wajen ƙarshen ƙarni na 16, wani bafaden Sarauniyar Ingila mai yawon teku, sunansa Walter Raleigh, ya tambayi malaminsa na lissafi, Thomas Harriot, hanyar da zai san adadin harsashin igwa in an tula shi, ba sai ya ƙirga ɗai ɗai ba. Harsashin igwa na wancan zamani kuwa dunƙulen ƙarfe ne mulmulalle, ana tula shi yadda a ke kasa lemu. Harriot ya ba shi amsa, amma zancen jera mulmulallun abubuwa ya zauna masa a rai. Daga baya ya riƙa musayar takardu da Johannes Kepler, Bajamushe, masanin tafiyar taurari. Cikin shekara ta 1611 Kepler ya wallafa wani ɗan littafi, kyautar sabuwar shekara ga wani abokinsa, yana neman dalilin da ya sa ƙwayar dusar ƙanƙara ta ke da kusurwa shida. A nan ciki ne ya faɗi cewa in ƙwallaye girmansu ɗaya, babu jerawar da ta fi irin ta mai lemu matsewa. Faɗi kawai ya yi, bai kawo hujja ba.

In an auna, wannan jerawa tana cike kashi 74 da ɗan ɗoriya cikin 100 na wurin, abin da ya rage iska ce. In kuwa aka zuba ƙwallayen cikin mazubi haka kawai, aka girgiza kamar yadda mai awo ke girgiza mudu, abin da a kan samu wajen kashi 64 ne. Da'awar Kepler ita ce duk dabarar da mutum zai yi ba zai wuce 74 ɗin nan ba, matuƙar wurin yana da faɗin da gefensa ba ya shiga lissafi.

Wani zai ce, to, ina abin wuya? Wuyar ita ce, ƙwallo ɗaya guda 12 ke iya taɓa shi a lokaci guda, amma in sun taɓa shi ba su cike wurin ƙam ba, da sauran sarari da za su iya motsawa. An ruwaito cewa saboda wannan sarari ne Isaac Newton da David Gregory suka yi saɓani cikin 1694, Gregory na ganin na 13 zai shiga, Newton ya ce 12 ne iyaka. Ba a raba gardamar da hujja ba sai 1953, aka ba Newton gaskiya. Har ma ana iya matse 'yan ƙwallaye kaɗan a lungu guda su fi kashi 74, sai dai maƙwabtansu su biya bashin, gibi ya buɗe a wani wuri. Wanda zai kafa hujja tilas ya nuna cewa ribar nan ba ta taɓa fin bashin ba, a cikin jerawa iri iri waɗanda ba su da iyaka.

Zato Da Yaƙini

Wanda ya karanci Sullamu, littafin manɗiƙi na Shaihu Abdurrahmani mai Ahalari, ya san hujjar hankali iri biyar ce, kuma mafi ɗaukakarsu burhani, wanda a ke ginawa bisa muƙaddamomi na yaƙini. Ya kuma san istiƙra'i, watau bin ɗaiɗaikun abubuwa domin a yanke hukunci kan jimlarsu, ba ya ba da yaƙini sai in an ƙure su duka. Malaman lissafi ba su karɓar kome sai burhani, suna kuwa da dalili. Ga misali, mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita lambar, ka ƙara 41. In ka ɗauki 1 za ka sami 43, in 2 ce 47, in 3 ce 53. Dukansu lambobi ne waɗanda ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Yi ta gwadawa har 39, ba ko ɗaya da za ta saɓa. Mutum ya gwada sau talatin da tara ya ga abu bai sāke ba, ai sai ya rantse. Amma da ka kai 40 sai ka sami 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Da'awa ta rushe. Saboda haka ko da masu lemun duniya duka sun yi ittifaƙi, a wurin mai lissafi zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba.

Aka yi ta faman neman burhanin. Cikin 1831 Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da maganar Kepler, amma ga jerawar da ke bin tsari ɗaya sahu sahu kaɗai, bai taɓa ta barkatai ba. Cikin 1900 David Hilbert ya lissafa mas'aloli 23 waɗanda ya ga sun fi cancanta a yi fama da su a sabon ƙarni, ya sa wannan cikin ta 18. Sa'an nan cikin 1953 wani malamin ƙasar Hangari, László Fejes Tóth, ya nuna cewa ana iya mayar da jerawar nan marasa iyaka zuwa lissafi mai iyaka, sai dai lissafi ne wanda ya fi ƙarfin hannu da alƙalami. Daga baya ya yi hasashen cewa wata rana na'ura za ta iya.

Cikin watan Agusta na 1998, Thomas Hales, malami a jami'ar Michigan ta Amurka, ya ba da sanarwa cewa shi da almajirinsa Samuel Ferguson sun gama, bayan aikin shekara shida. Sun kasa mas'alar zuwa fuskoki fiye da 5,000, suka sa kwamfuta ta warware ƙananan mas'aloli wajen 100,000 domin ta toshe kowace fuska. Abin da suka miƙa shi ne rubutu shafi 250, da lissafin kwamfuta gigabait 3, watau wajen harafi miliyan dubu uku.

Al'adar masu wannan fanni ita ce, ba a buga hujja a mujalla sai an aika wa masana sun bi ta sun sa hannu. Mujallar da aka kai wa, Annals of Mathematics ta garin Princeton, tana cikin mafi daraja a duniya. Maimakon mutum ɗaya ko biyu da aka saba, sai ta naɗa alƙalai 12, shugabansu kuwa Gábor Fejes Tóth, ɗan wancan malami na Hangari wanda ya share hanya. Suka duƙufa shekara huɗu. A ƙarshe suka ce ba su sami kuskuren da ya rushe hujjar ba, sun gamsu kashi 99 cikin 100, amma ba za su iya shaidar sahihancin lissafin kwamfutar ba. Editan ya rubuta wa Hales cewa alƙalan ba su iya tabbatarwa ba, ba kuwa za su iya nan gaba ba, domin ƙarfinsu ya ƙare.

Lalle waɗannan alƙalai sun cancanci yabo, gama da sun sa hannu sun huta ba wanda zai kama su. Amma dubi halin da suka bar mutumin. Ba a ce ya yi kuskure ba, balle ya gyara. Ba a kuma ce ya yi daidai ba, balle ya huta. An buga gundarin hujjar cikin 2005, aka buga cikakkiyarta a wata mujalla cikin 2006, duk da haka kashi ɗayan nan da ya rage yana nan rataye a wuyanta. A kasuwa ribar 99 cikin 100 abin murna ce. A lissafi kuwa, mun ga lambar da ta yi gaskiya sau 39 ta karye a na 40.

Ƙofa Biyu

Kwamfuta tana shiga lissafi ta ƙofa biyu, kada a gama su. Ta farko ita ce a sa ta ƙirge da awon da suka fi ƙarfin mutum, kamar yadda Hales ya yi. Haka Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka yi a jami'ar Illinois cikin 1976, sa'ad da suka nuna cewa launi huɗu ya isa a rina kowace taswira ba tare da ƙasashe biyu masu iyaka ɗaya sun sami launi ɗaya ba. Kwamfutarsu ta yi aikin fiye da awa 1,000. Malamai da yawa suka ƙi sakin jiki, suna cewa wa ya duba umarnin da aka rubuta wa na'urar? Suna kuwa da abin tunawa, domin ita wannan mas'ala ta launi huɗu wani lauya Alfred Kempe ya taɓa kawo mata hujja cikin 1879, kowa ya karɓa, sai bayan shekara 11 Percy Heawood ya tono ramin da ke ciki.

Ƙofa ta biyu dabam ta ke. A nan ba na'ura ke nemo hujja ba, mutum ne ke rubuta ta, ita kuwa ta tsaya matsayin mai dubawa. Manhajar da ke wannan aiki ana ce da ita mataimakin hujja. Asalin tunanin tsoho ne. Tun zamanin Uƙlidus na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin miladiyya, an san tsarin: a fara da ta'arifi da 'yan muƙaddamomin da kowa ya sallama, sa'an nan kowace magana ta fito daga wadda ta gabace ta. Amma malami in yana rubuta wa malamai 'yan'uwansa ba ya taka kowane mataki. Sai ya ce wannan a fili ya ke, ko ya ce saura kamar na baya ne, ya tsallake. A cikin waɗannan tsallake-tsallake ne kuskure ke kwana. Masu zaman darasu sun san irin wannan, ido kan karanta abin da zuciya ta haddace, ya bar abin da ke rubuce a kan allo.

An taɓa gwada rubuta lissafi ba tsallake ko ɗaya. Alfred North Whitehead da Bertrand Russell na Ingila sun fitar da mujalladi uku tsakanin 1910 da 1913, sai da suka wuce shafi 300 kafin su iso maganar da za a ciro daga cikinta cewa ɗaya da ɗaya biyu ne. Da mutane suka ga haka sai suka ce abin yana yiwuwa a hankalce, amma ba mai tsawon ran da zai yi, ba kuwa mai haƙurin da zai karanta. Cikin 1967 Nicolaas de Bruijn na garin Eindhoven a ƙasar Holan ya ce mai haƙurin ya samu, ita ce kwamfuta. Ya ƙirƙiri harshe mai suna Automath, kuma cikin 1977 almajirinsa van Benthem Jutting ya gama shigar da wani littafin Edmund Landau na tushen lambobi gaba ɗayansa, na'ura ta bi shi daga farko har ƙarshe.

Ga ɗan misalin yadda zama da ita ya ke. A ce mutum yana so ya tabbatar cewa in an haɗa shafa'i da shafa'i, watau cika da cika, abin da zai fito shafa'i ne. Da farko sai ya gaya mata ma'anar shafa'i: lambar da ta ke ninki biyu na wata lamba. Sa'an nan ya ce, ga lamba ta farko ninki biyu ce ta wata, ta biyu ma ninki biyu ce ta wata, saboda haka jimlarsu ninki biyu ce ta jimlar waɗancan. In a zaure ne kowa zai ce na'am. Ita kuwa sai ta tsaya ta ce, da wace ƙa'ida ka fitar da biyun nan waje? Tilas ya kira ƙa'idar da ta ce ninka jimla daidai ya ke da ninka kowane ɓangare sa'an nan a haɗa, ita ma ƙa'idar sai in an riga an tabbatar da ita a baya. In ya kawo, ta wuce. In bai kawo ba, ko shi ne shaihun duniya, nan za su kwana. Ba ta jin kunyar furfura, ba ta gajiya, ba ta kuwa san sunan kowa ba.

Sai mai hankali ya tambaya, ita kuma wa ya duba ta? In ana tuhumar sikeli, ai ba a kawo wani sikelin da ba a sani ba a ce ya raba gardama. Amsar da masu wannan sana'a suka bayar ita ce mafi kyawun abin da ke cikin labarin. Sun gina manhajar kamar birni mai ganuwa da ƙofa ɗaya tak. A wajen gari ana iya tara dabaru iri iri, manya da ƙanana, masu taimaka wa mutum ya haɗa hujjarsa, ba kome in wasunsu na da aibi. Amma ba maganar da za ta shiga gari a kira ta tabbatacciya sai ta bi ta ƙofar nan, mataki ɗai ɗai, ko da ayarin jaki dubu ne. Sarkin ƙofa kuwa an yi shi ƙarami da gangan. Robin Milner ne ya kafa wannan tsari a Edinburgh cikin shekarun 1970. A manhajar HOL Light, wadda John Harrison ya rubuta, ƙa'idodin ciro hukunci 10 ne, muƙaddamomin da aka sallama 3, kuma dukan rubutun ƙofar layi 'yan ɗaruruwa ne. Malami ɗaya yana iya zama ya karance shi a yini guda, wani ma ya rubuta nasa mai dubawa dabam a gwada su biyu. Ba a kawar da amana daga cikin al'amarin ba, amma an rage abin da za a amince da shi daga harafi miliyan dubu uku zuwa 'yan shafuka.

Cikin watan Janairu na 2003, tun ba a buga hujjarsa ba, Hales ya ɗaura niyyar shigar da ita duka ta wannan ƙofa. Ya ɗauki haruffan farko na sunan aikin da Turanci, F da P da K, ya nemi kalmar da ta ƙunshe su a ƙamus, ya sami Flyspeck, wadda ma'anarta ɗigon kashin ƙuda, ana kuma faɗinta ga mai bin diddigin abu har ɗan ƙanƙanin tabo. Ya ƙiyasta aikin zai ci abin da mutum ɗaya zai yi cikin shekara 20. A lokacin ya koma jami'ar Pittsburgh. Ya sami mataimaka a Jamus, inda Tobias Nipkow da Gertrud Bauer suka ɗauki ɓangaren ƙididdige fuskokin da wata manhaja mai suna Isabelle, ya kuma sami ƙungiyar matasan malamai a Hanoi ta ƙasar Biyetnam waɗanda suka ɗauki kaya mai nauyi na rubutun. Ana cikin haka, a 2005, Georges Gonthier ya gama shigar da mas'alar launi huɗu cikin manhajar Coq ta Faransa, wadda aka sauya wa suna zuwa Rocq cikin 2025. Wannan ya nuna hanyar tana ɓullewa.

Aikin bai bar hujjar Hales yadda ya same ta ba. Cikin 2010 shi da abokan aikinsa suka buga jerin gyare-gyare, har da wani gibi da sai da aka kawo sabuwar hujja aka cike shi, gibin da alƙalai 12 ba su gani ba. Cikin 2012 ya sāke rubuta hujjar duka cikin sabon littafi, a tsarin da na'ura za ta iya bi, a nan ma aka yi ta tsintar ƙananan kurakurai ana gyarawa. Ba ko ɗaya da ya rushe ginin. Ranar 10 ga Agusta 2014 aka ba da sanarwar kammalawa. Ɓangare mafi nauyi ya ci wajen awa 5,000 na aikin kwamfuta. An buga rahoton cikin 2017 da sunan mutum 22. Kepler ya yi gaskiya, mai lemu ma haka.

Abin Da Na'ura Ba Ta Ɗauke Ba

Kada mai karatu ya zaci an sallami malamai. Na'ura tana shaida abu ɗaya ne kawai, cewa natijar da aka rubuta ta fito daga muƙaddamomin da aka rubuta. Ba ta san lemu ba, ba ta san Kepler ba. In wanda ya shigar da mas'alar ya karkata ta'arifin ƙwallo, ko ya rubuta wata da'awa mai sauƙi wadda ta yi kama da ta asali, za ta sa hannu ba ruwanta. Kamar alƙali ne wanda hukuncinsa ba ya kuskure, amma bisa ƙarar da aka shigar ya ke hukunci, in magatakarda ya rubuta gonar wani ba wadda a ke rikici a kanta ba, hukunci ya inganta, hakki kuwa ya ɓace. Domin haka masu Flyspeck suka ƙoƙarta suka taƙaita lafazin da'awar zuwa 'yan layuka, da kalmomi na farko farko, yadda kowane mai lissafi zai karanta ya ce na'am, wannan ce maganar Kepler. Wannan karatu aikin mutum ne. Haka kuma su muƙaddamomin. Gottlob Frege, wanda ya fara tsara irin wannan harshe cikin 1879, ya gina lissafi bisa muƙaddamomin da ya ga a fili su ke, sai cikin 1902 Russell ya aiko masa da takarda yana nuna masa cewa ɗayarsu tana warware kanta.

Akwai kuma masu cewa amfanin hujja ba sa hannu kaɗai ba ne, a fahimci dalili ne, na'ura kuwa ba ta fahimtar da kowa. Maganarsu tana da nauyi. Amma a dubi abin da ya sami manya biyu na wannan fanni, dukansu masu lambar Fields, wadda ita ce mafi shahara a lissafi.

Na farko Vladimir Voevodsky, mutumin Rasha, wanda ya zauna a Princeton. Shi da abokinsa Mikhail Kapranov sun buga wata hujja wajen 1991. Cikin 1998 Carlos Simpson ya kawo misalin da ya saɓa wa natijarsu, amma bai iya nuna layin da kuskuren ya ke ba. Voevodsky ya sāke duba aikinsa ya ga daidai ne, ya zauna a kan cewa Simpson ne ya yi kuskure, har 2013 sa'an nan ya gane shi ne. Shekara 15 ke nan hujja biyu masu karo da juna suna zaune, ba mai raba su. A wani aikin nasa dabam, shi da kansa ya tsinci kuskure wajen shekara ta 2000, bayan malamai sun yi shekaru suna karantar da shi ba wanda ya lura. Abin da ya fahimta shi ne, in marubuci amintacce ne, hujjar kuwa tana da wuyar bi, ta kuma yi kama da waɗanda aka sani, da ƙyar a ke samun mai bin ta filla filla. Watau taƙlidi ya shiga fannin da ke alfahari da cewa babu taƙlidi a cikinsa. Ya ba da sauran rayuwarsa ga aikin mataimakin hujja, har ya rasu cikin 2017.

Na biyu Peter Scholze na jami'ar Bonn a Jamus. Cikin Disamba 2020 ya fito fili ya ce akwai wata mas'ala da shi da Dustin Clausen suka tabbatar, ya ba ta kusan dukan shekara ta 2019, yana ganin tana cikin mafi muhimmancin abin da ya taɓa yi, amma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta sarai ba. Tsoronsa shi ne mutane za su gina a kanta saboda sunansa, ba wanda zai duba. Ya ma faɗi cewa ya taɓa kawo wata hujja wadda ta wuce gaban manyan malamai, daga baya aka ga tana da kuskuren da ya kashe ta. Saboda haka ya roƙi masu manhajar Lean, wadda Leonardo de Moura ya fara a kamfanin Microsoft cikin 2013, su gwada. Johan Commelin ya jagoranci jama'a. Cikin wata shida suka tabbatar da ɓangaren da Scholze ke tsoro, suka gama duka cikin Yuli 2022. Abin mamaki, Scholze ya ce sai a wurin wannan aiki ya gane ainihin abin da ya sa hujjarsa ke tafiya, domin da aka tilasta a kira kowace ƙa'ida da sunanta, sai aka ga wani babban kayan aiki da ya jingina da shi ana iya maye gurbinsa da wani mafi sauƙi. Ashe tsananin mai dubawa kan koyar da mai rubutu.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane wata fa'ida da ta biyo baya. Baƙo ba ya cin bashi a garin da ba a san shi ba sai da mai masauki ya tsaya masa. Haka lissafi ya ke a da, malami ba ya haɗa aiki sai da wanda ya san hannunsa, shi ya sa da wuya ka ga fiye da mutum uku ko huɗu a kan hujja guda. Yanzu da ya ke akwai mai dubawa wanda ba ya tambayar asali, ana karɓar gudummawar wanda ba a taɓa gani ba. Ma'ajiyar Lean, mai suna mathlib, an fara ta cikin 2017, ɗaruruwan mutane suka zuba hannu har ta wuce layi miliyan ɗaya. Cikin Nuwamba 2023 Terence Tao na Los Angeles da abokansa uku suka warware wata mas'ala, sa'an nan ya yanka hujjar ƙanana ƙanana ya baza ta intanet, mutum fiye da 20 suka ɗauki yanki yanki, cikin mako uku na'ura ta sa hannu. Har ila yau, manhajojin nan masu kwaikwayon basirar mutum, waɗanda kan shirya magana mai daɗi ko da ƙarya ce, su ma ta wannan ƙofa a ke tace su. Cikin Yuli 2024 kamfanin Google DeepMind ya gwada nasa da tambayoyi shida na gasar lissafi ta ɗaliban duniya, suka warware huɗu, uku daga ciki manhajar AlphaProof ce ta rubuta hujjarsu cikin harshen Lean.

Babban aikin da aka sa gaba shi ne mas'alar Fermat. Wajen 1637 Pierre de Fermat, wani alƙali a Faransa, ya rubuta wata da'awa a gefen littafi, inda a ke rubuta hashiya, ya ce yana da hujja amma gefen ya yi masa ƙunci. Ba a sami hujjar cikin takardunsa ba. Cikin 1993 Andrew Wiles ya ce ya samo, masu dubawa suka ga gibi, ya koma ya yi fiye da shekara guda, da taimakon Richard Taylor, kafin ya toshe shi cikin 1994, aka buga a 1995. Hujjar tana jingine da dubban shafuka na ayyukan wasu malamai. Cikin 2024 Kevin Buzzard na kwalejin Imperial a Landan ya fara shigar da ita cikin Lean, da kuɗin tallafi na shekara biyar. Shi da kansa bai yi alkawarin kai ta har tushe cikin wannan wa'adi ba. Abin da ya ɗauka shi ne ya sauko da ita, mataki mataki, har ta tsaya bisa abubuwan da malamai suka riga suka sani kafin ƙarshen shekarun 1980.